Mi mutum ke nema a kufan mutanen da?

Ya kai mai karatu, Hausawa sun ce tahiya mabuɗin ilimi. Amma ko duk wanda ya tahi ne ke komowa da ilimi? Ga labarin wani sarki, ka saurara, sannan ka yanke hukunci da kanka.

Sunanshi Iskandar, sarkin Makidoniya, can arewacin ƙasar Girka. Ya yi zamani kahin haihuwar Annabi Isa. Ka lura, shekarun wancan lokaci da baya-baya ake ƙirga su: 334 ta riga 323 zuwa.

A shekara ta 334 Iskandar ya ƙetare teku da rundunarshi don ya yaƙi daular Farisa. Bai cika shekara 22 ba. Kahin ya ja daga, sai ya ratse zuwa wani tsohon gari mai suna Turoya, cikin ƙasar Turkiyya ta yanzu. Girkawa suna da wata doguwar waƙa ta wani mawaƙi Homer, a kan yaƙin da suka ce kakanninsu sun yi a wurin. Babban jarumin waƙar shi ne Akilis, namijin duniya, amma mai zahin zuciya. Iskandar shina cewa shi jikan Akilis ne ta wajen uwa. Ya tahi inda ake cewa nan ne kushewar jarumin, ya girmama ta. Ya aje kayan yaƙinshi a ɗakin bautar garin, ya ɗauki waɗansu tsoffi da aka ce na wancan yaƙi ne.

A shekara ta 333 ya isa garin Gordiyon. Can akwai wani tsohon amalanke, an ɗaure shi da ƙulli mai wuyar kwancewa. Mutanen garin suna cewa wanda ya kwance shi zai mallaki Asiya. Waɗansu masu tarihi sun ce da takobi ya sare ƙullin, waɗansu sun ce turken da ke riƙe da shi ya zare.

A shekara ta 331 ya ratsa hamada, ya sha ƙishirwa, har ya kai Siwa, wani wuri mai ruwa da dabino a yammacin Masar. An ce limamin gunkin wurin ya gaishe shi da sunan ɗan gunkin.

To, ka duba da kyau. Wurare ukku, amma buƙata guda. Ko'ina ya je, abin da yake son ji shi ne: kai babba ne, babu kamarka.

Kada mu zalunce shi. Koyi da magabata ba laihi ba ne. Labarin Akilis ya ba shi ƙarhin zuciya, har ya ci Farisa, ya kai ƙasar Indiya. Yaron da bai san labarin kakanninshi ba kamar icce ne marar saiwa. Amma Iskandar ya ɗauko jarunta tare da zahin zuciya, bai sheƙe ba, bai tankaɗe ba. A shekara ta 328, wajen shan giya, gardama ta haɗa shi da Kilitus, mutumin da ya taɓa ceton ranshi a hilin daga. Ya soke shi da mashi har lahira. Bayan nan ya yi ta kuka, ya ƙi cin abinci. Kukan bai maido Kilitus ba.

Akwai ziyara ta huɗu. A shekara ta 324, da ya komo daga Indiya, ya tsaya a kushewar Kurus, sarkin da ya kafa daular Farisa, wanda ya rasu wajen shekara 200 kahin nan. Ya iske ɓarayi sun fasa ta, sun kwashe dukiya, sun yar da gawa. Abin ya ɓata mishi rai, ya sa aka gyara. Nan babu mai yi mishi kirari. Sai dutsi, sai ƙasusuwa. Gani ga wane ya ishe wane tsoron Allah.

Shekara guda bayan haka, a 323, Iskandar ya rasu a Babila, shina da shekara 32. Sarakunan yaƙinshi suka rarraba daular, suka yi ta faɗa da juna. An rufe shi a Masar, cikin birnin Iskandariya, kuma sarakunan Rum sun riƙa zuwa ziyarar kushewarshi. Yau babu wanda ya san inda take. Ta Kurus kuwa tana nan tsaye cikin ƙasar Iran.

Kai ma, mai karatu, kana da kufan kakanninka. Wataƙila kana wuce su in za ka gona. Kana iya tsayawa ka ce: kakana ne ya sari garin ga, saboda haka ni ne gaba da kowa. Kana kuma iya tambayar tsoffi: mi ya tada garin? Fari ne, ko rijiya ta ƙahe, ko ƴan uwa ne suka raba gari saboda gado? Tambaya ta farko kumburi take sa mutum, ta biyu hankali take ba shi.

In kun taru wajen karatu da dare, ku tattauna wannan: a cikin halin kakanninku, wane ne za ku riƙe, wane ne za ku bari a kufai?