Jaki Ba Ya Sayen Ƙwaya

Tun rana ba ta ɗaga ba a Damargu, jakuna da raƙuma sun kama jan guga a rijiyoyi masu zurfi, shanun amalanke sun miƙi hanyar kasuwar Tanut ko Bakin Birji. Daga Gangara har kwarin Tarka a yankin Belbeji, geron da muke alfahari da shi a bayan waɗannan bayin Allah yake isa gida.

Ana tambaya ko dabba tana kamuwa da jarabar ƙwaya. Tana kamuwa. A 1962 wani masani a Amurka, James Weeks, ya haɗa wa ɓeraye na'urar da in sun danna, morfin zai shiga jijiyarsu. Suka yi ta dannawa, in an yanke musu kuma jikinsu ya rikice kamar na ɗan Adam. Tiramol, wanda ya addabi samarinmu, hanya ɗaya yake bi da morfin a ƙwaƙwalwa, kuma ya kai ga dabbobi. A arewacin Kamaru an san manoma da ba shanun huɗa shi don kada su gaji. Abin ya yi yawa har a 2013 masu bincike suka same shi a saiwar tafashiya, suka zaci itacen ne yake yin sa. Sai a 2014 wasu masana a Jamus suka nuna cewa ta fitsari da kashin shanu da na mutane ya shiga ƙasa.

Ɗan'uwa, saurayin da ya kamu aƙalla da ƙafarsa ya je wurin mai tebur. Sa kuwa a cikin ruwan dusa aka jiƙa masa. Ba shi da bakin cewa ya gaji, sai dai ya tsaya, ya yi haki, ya durƙusa, kuma wannan ɗan kukan nasa ne ƙwayar take toshewa. Ciwon yana nan, doron yana ci gaba da salewa a ƙarƙashin karkiya.

Abu Dawuda ya ruwaito cewa Annabi, sallallahu alaihi wa sallam, ya shiga gonar wani Ba'ansare, wani raƙumi ya gan shi ya yi gurnani, idanunsa na zubar da hawaye. Ya shafa kansa har ya natsu, sannan ya nemi mai shi ya ce masa ya ji tsoron Allah, domin raƙumin ya kawo ƙarar yunwa da yawan aiki. Wannan raƙumin an bar shi da hankalin da zai yi kuka ma.

Na san damina gajeriya ce a ƙasarmu, mai sa ɗaya kuma talauci ne yake tura shi, ba mugunta ba. Amma talauci ba ya ɗauke amana.

Ya Allah, Ka hore mana harawa da ruwan da za su ishi dabbobinmu, Ka ba mu haƙurin kwance su in sun gaji. Amin.