Ƙoda: Bawan Allah Mai Aiki a Ɓoye



Kowace shekara lokacin Azumi yakan same mu cikin tsananin zafin bazara. Daga Tambuwal zuwa Dogon Daji, daga Kebbe zuwa Kuchi, manomi yana fadama, mai dako yana kasuwa, gumi yana zuba. Ya dace a irin wannan lokaci mu yi tunani a kan wata gaɓa da Allah ya sa a jikinmu, wato ƙoda.

Allah ya ba mu ƙoda biyu a gefen ƙashin baya, a ƙarƙashin haƙarƙari, kowace girmanta kamar dunƙulen hannu. A cikin kowace ɗaya akwai ƙananan matatai wajen 1,000,000. Dare da rana jini yana ratsa su, suna tace ruwa kimanin lita 180 a kwana guda. Kusan dukansa suna mayar wa jiki, sai wajen lita 1 da rabi da ke ɗauke da datti, shi ne fitsari. Yakan gangara ta siraran bututu biyu zuwa mafitsara, ya taru har lokacin fitarwa. Ban da haka, ƙoda ce ke daidaita gishiri da ruwan jiki, tana taimakon awon jini ya tsaya daidai, tana kuma aika wa ɓargo saƙo ya ƙera jini.

Duk wannan hidima ba mu jin motsinta. Shi ya sa Ibraniyawa suka ɗauki ƙoda a matsayin wuri mafi ɓoyuwa a cikin mutum. A harshensu na asali, Zabura 139 da Irmiya 17 sun ambaci ƙoda da sunanta, domin su nuna cewa Allah ne ya yi ta, kuma shi ke binciken abin da ido ba ya gani.

Amma shirun ƙoda yana da haɗari, gama takan lalace ƙwarai kafin mutum ya ji ciwo. Hawan jini da ciwon suga su ne manyan masu kashe ta. Haka kuma ƙwayoyin kashe ciwon jiki da muke saya a faranti a kasuwa muna sha kullum, da jiƙe-jiƙen da ba a san awonsu ba, da yin aiki cikin rana ba shan ruwa.

Bari mu faɗi gaskiya a kan tsargiya. Yaranmu da ke wanka da su a tafkuna da gulabe sukan yi fitsarin jini, wasu kuma su ce alamar balaga ce. Ba haka ba ne! Tsutsa ce da ke fitowa daga katantanwar ruwa, ta huda fata, ta zauna a jijiyoyin mafitsara tana zuba ƙwai. Wani likita Bajamushe, Theodor Bilharz, shi ya gano ta a Alƙahira a 1851. Idan aka ƙyale ta shekaru, tana iya toshe hanyar fitsari ta lalata ƙoda. Alhali kuwa akwai maganinta a asibiti, sunansa Praziquantel. Haka nan iyayenmu maza da fitsari ke yi musu gardama, da mata masu jin zafi wajen yinsa, sau da yawa kunya ke hana su magana.

Mu da muka san Sakramentin Tuba mun san wannan darasi. Zunubin da aka ɓoye yakan ci rai a hankali, wanda aka furta kuwa yakan sami gafara. Ciwon da aka ɓoye ma haka yake. Wanda ya ji kunyar faɗa wa ma'aikacin lafiya yau, gobe yana iya samun kansa a Asibitin Koyarwa na Jami'ar Usmanu Danfodiyo a Sakkwato ana wanke masa jini da na'ura, iyalinsa suna sayar da gona da dabbobi. Rigakafi ya fi magani.

Saboda haka muna roƙonku. Ku sha ruwa mai tsabta isasshe. Azumin Ikilisiyarmu na Larabar Toka da Jumma'a Mai Tsarki bai hana shan ruwa ba. Ku rage gishiri. Ku je a auna jininku da suga ko da kuna jin lafiya. Katakis da Zumuntar Mata Katolika su lura da yaran da ke fitsarin jini, namu da na maƙwabtanmu Musulmi, gama ruwa ɗaya muke sha. Kada kuma mu bar mai ciwon ƙoda shi kaɗai. A 1995 Paparoma Yohanna Bulus na Biyu ya yaba wa masu ba da gaɓar jikinsu domin ceton wani. In ba mu kai ga haka ba, ai muna iya kai ziyara, mu taimaka da kuɗin mota.

Allah da ya san abin da ke ɓoye a cikinmu ya tsarkake mu, jiki da ruhu, ta wurin Kristi Ubangijinmu. Amin.