Waiwaye Adon Tafiya: Shin Tuna Baya Kaɗai Ya Isa?

Ranar Juma'ar da ta biyo bayan ƙaramar Sallah, bayan an sauko daga masallaci, mun taru mu shida a zauren wani abokinmu a cikin birni, ba nisa da Kasuwar Kurmi. Dukkanmu tare muka yi makarantar allo, tare muka yi firamare, kafin neman abinci ya watsa mu. Mai gidan yana sayar da turare a Kurmi, ɗaya ɗan marina ne da ya bar baba ya kama tuƙin mota, biyu suna aiki a Legas da Abuja, ɗaya ya zama limamin unguwa, mu kuwa da muke wannan rubutu Allah Ya ajiye mu a aji, muna koyarwa a makarantar sakandare.

Kamar yadda aka saba idan tsofaffin abokai suka haɗu, ba a daɗe da gama gaisuwa ba sai hira ta koma baya. Aka tuna yadda muke tsere zuwa ƙolin Dutsen Dala mu hango Goron Dutse da hasumiyoyin Babban Masallaci. Aka tuna tafiya a kan badala daga Ƙofar Na'isa zuwa Ɗan Agundi, da wanka a kududdufi da bulalar da ke biyo bayansa, da turereniya a Ƙofar Kudu ranar Hawan Daushe. Aka kawo labarin dalar gyada, wadda mu kanmu a bakin iyayenmu muka ji ta. Ana cikin dariya, sai ɗan mai gidan, yaro ɗan shekara 13 da ke zuba mana shayi, ya ɗago kai ya ce, "Baba, wai badalar nan da kuke ta faɗi, a ina take?" Zauren ya yi tsit. Yaron nan a cikin birni aka haife shi, kuma kullum sai ya bi ta ɗaya daga ƙofofin gari zuwa makaranta.

Tambayar wannan yaro ita ce dalilin wannan maƙala. Hausawa suna da karin magana biyu da suke kamar suna karo da juna. Sun ce waiwaye adon tafiya, sun kuma ce kowa ya tuna bara bai ji daɗin bana ba. To, hirar da muke yi a zaure, wanne ce daga ciki? Shin wanda ya tuna garinsu yana ɗauke da wani hakki saboda tunawar, ko kuwa daɗin baki ne kawai da za a sha da shayi a watse? Ra'ayinmu shi ne tunawa amana ce, kuma amanar nan tana da sharuɗɗa.

Bari mu fara da abin da ake tunawar. Littafin Tarihin Kano, wanda aka rubuta da Larabci a wajejen ƙarshen ƙarni na 19, Bature Palmer ya buga fassararsa ta Ingilishi a 1908, daga baya kuma ya fito da Hausa a cikin Labarun Hausawa da Maƙwabtansu, ya nuna cewa Sarki Gijimasu (1095 zuwa 1134) ne ya fara gina ganuwar Kano. Muhammadu Rumfa (1463 zuwa 1499) ya faɗaɗa ta, shi ne kuma ya gina fadar da ake kira Gidan Rumfa, ya kafa Kasuwar Kurmi. An sake faɗaɗa ta a zamanin Muhammadu Nazaki a farkon ƙarni na 17. Baƙi irin su Barth, wanda ya zo Kano a 1851, sun gan ta sun rubuta labarinta. Ita ce ta tsaya a gaban rundunar Turawan Ingila a watan Fabrairu na 1903. Wato dai abin da yaron nan bai sani ba gini ne da kakanninsa suka yi shekaru kusan 800 suna ɗorawa suna yaɓewa. Kowa ya san ginin ƙasa ba ya rayuwa sai da kulawa. Damina ta zaftare, rani a gyara. Da Turawa suka ci gari, ganuwa ta daina kare kowa daga mahara, aikin gayyar gyaranta ya mutu, ruwa da mutane suka shiga cinta.

Sharaɗin farko na amanar tunawa shi ne rarrabe almara da tarihi. A wannan zama direban nan namu ya kawo labarin Barbushe, ƙaton mutumin Dala da ake cewa yakan kashe giwa da sanda ya ɗauko ta a ka, wanda shi kaɗai ke shiga wurin Tsumburbura ya fito ya faɗa wa mutane abin da zai faru. Liman ya tare shi ya ce, "Haba Alhaji, labarin jahiliyya kake ba yaro? A bar wannan." Sai aka juyo gare mu aka ce, "Malam, kai ne mai koyarwa, raba mana gardama."

Gardamar ba ƙarama ba ce. Idan muka ba yaro almara a matsayin gaskiya, mun yi masa ƙarya, kuma ranar da ya gano, zai haɗa da gaskiyar da muka faɗa masa ya watsar. Idan kuma muka share almarar gaba ɗaya, mun yanke masa wani yanki na sanin kansa. Ai malaman da suka rubuta Tarihin Kano Musulmi ne masu ilmi, amma ba su goge Barbushe ba. Sun kawo labarinsa, sun kawo rushe wurin Tsumburbura a zamanin Sarki Tsamiya, sun kawo zuwan Wangarawa da Musulunci a zamanin Sarki Yaji (1349 zuwa 1385). Sun fahimci cewa ba a gane darajar inda aka iso sai an san inda aka taso. Bugu da ƙari, almara takan zama ɓawo mai ƙwaya a ciki. Babu mai hankalin da zai yarda mutum ya ɗauki giwa a ka, amma labarin yana shaida cewa akwai al'umma mai tsari da shugabanci a gindin Dala kafin zuwan Bagauda, kuma masu binciken ƙasa sun tono alamun narka tama a wurin da suka kai wajejen ƙarni na 7.

Kakanninmu mata sun riga mu warware wannan matsala. Idan za su yi tatsuniya sukan buɗe da "ga ta nan ga ta nanku", su rufe da "ƙurungus", don yaro ya san ƙofar da ya shiga da wadda ya fita. Abin da ya kamace mu ke nan. Mu ce wa yaro, wannan an ce ne, wannan kuwa an rubuta, wannan kuma an tono an gani. Har shekarar 999 da ake cewa Bagauda ya hau mulki, ya kamata ɗalibi ya san cewa lissafi ne da aka fitar ta hanyar tara shekarun sarautar sarakuna ana komawa baya. Haka nan idan aka ce sunan Ƙofar Na'isa ya samo asali ne daga wani da ya bugi ƙirji ya ce "na isa", sai a faɗa a matsayin abin da ake faɗi. Wannan ba ya rage wa labari daɗi, yana dai ƙara wa mai ba da shi mutunci.

Sharaɗi na biyu ya fi na farko ɗaci, shi ne faɗin gaskiya game da kanmu. Da yaron ya yi tambayarsa, abokinmu na Legas ya yi caraf ya ɗora laifin a kan hukuma. Ya kawo rushe tsohuwar Ƙofar Na'isa da aka yi a 2010 don faɗaɗa titi, aka maye gurbinta da sabon gini. Ya ce tun 2007 Nijeriya ta sa ganuwar Kano cikin jerin wuraren da take neman UNESCO ta amince da su a matsayin kayan tarihin duniya, amma dubi yadda ta koma. Duk abin da ya faɗa haka yake. Sai dai mai gidan ya yi shiru na ɗan lokaci, sannan ya ce, "Ni dai ɗakunan bayan gidan nan, da ƙasar badala aka yi tubalinsu. Ina yaro ni nake kora jakin." Nan take kowa ya tuna nasa. Wani ya tuna sharar da ake aikensa zubarwa a gindinta. Wani ya tuna ɗan'uwansa da ya kafa shago a kanta. Mu kanmu, shekara nawa muna koyar da yara a garin nan, sau nawa muka ɗebi aji guda muka kai su Gidan Makama su ga kayan tarihi, ko marinar Ƙofar Mata su ga yadda ake rini? Laifi tudu ne, ka taka naka ka hango na wani.

Abin lura a nan shi ne, hirar tuna baya tana da wata yaudara. Takan sa mai yin ta ya ji kamar shi mai kishin gari ne, alhali bai ɗauki ko tsinke ba. Muna kuka da bakinmu a kan abin da hannunmu ya taimaka wajen rushewa. Irin wannan tunawa ita ce karin magana na biyu yake zargi, domin ba ta haifar da komai sai ƙorafi da raina zamanin da ake ciki.

Mai karatu zai iya cewa, to Malam, ganuwa tana ba da tuwo ne? Abokinmu na Abuja ma haka ya ce, kuma ba za mu yi watsi da maganarsa ba. Gari na masu rai ne. Jama'ar Kano ta ninka sau da yawa a kan ta zamanin da aka gina ƙofofin nan domin raƙumi da jaki da mahayin doki. Mace mai naƙuda da ke cikin mota a cunkoson ƙofa ba ta da bukatar a karanta mata tarihin Rumfa. Talakan da ya ɗebi ƙasa ya yi wa iyalinsa ɗaki ba mugu ba ne. Kuma Rumfa da kansa sabon abu ya kawo a zamaninsa; da ya tsaya kan abin da ya tarar, da babu Kurmin da muke alfahari da ita.

Duk mun yarda da wannan. Amma akwai bambanci tsakanin abin da lalura ta karɓa bayan an zauna an auna, da abin da sakaci ya cinye babu wanda ya lura. Ana iya buɗe hanya a gefen tsohuwar ƙofa a bar ta tsaye. Ana iya zaɓar wasu sassan ganuwa a ce waɗannan kam ba za a taɓa su ba. Birnin Marrakish na ƙasar Maroko yana da ganuwar ƙasa da aka gina a ƙarni na 12, kusan sa'ar ta Gijimasu, motoci suna shiga suna fita, ganuwar tana tsaye, baƙi suna zuwa kallo suna barin kuɗinsu. A Jenne ta ƙasar Mali, mutanen gari kan fito kwansu da kwarkwatarsu su yaɓe babban masallacinsu na ƙasa, su mai da aikin biki. Ba su fi mu ƙasa mai kyau ba, ba su fi mu magina ba.

Sannan mantuwa tana da farashin da ake biya da dukiya. Kududdufan da muke tunawa da wanka a cikinsu ramukan da aka haƙi ƙasar gini ne, kuma su ne ke shanye ruwan damina a cikin birni. Da aka manta amfaninsu aka yi ta cike su ana gini a kai, sai ruwan ya nemi hanya ta cikin lunguna da ɗakunan mutane. Dattijon da ya san dalilin kowane rami da kowace magudana yana riƙe da ilmin da injiniya yake bukata. Idan ya tafi da shi kabari, mu ne da asara.

Wannan ya kawo mu ga sharaɗi na uku, wato miƙawa. Mu 'yan shekara arba'in da wani abu muna tsaye a wani matsayi na musamman. Mun zauna da tsofaffin da suka ga dalar gyada da idonsu, wasunsu ma sun zauna da waɗanda suka ga shigowar Turawa. Mun taka badala da ƙafarmu. 'Ya'yanmu kuwa ba su ga ko ɗaya ba. Idan abin da muka sani ya tsaya a zaure tsakanin mu shida, muna maimaita wa juna abin da kowa ya riga ya sani, to da mutuwar na ƙarshenmu zaren zai tsinke. Amanar da aka ba mutum don ya kai wa wani, idan ya zauna yana shafa ta yana yaba kyanta har ya mutu da ita, ba za a kira shi amintacce ba.

Miƙawar kuwa ba ta bukatar jiran hukuma. Uba ya kama hannun ɗansa ya zaga da shi ƙofofi, daga Mazugal zuwa Wambai, daga Kansakali zuwa Kabuga, yana faɗa masa sunayensu. Malami ya fitar da ɗalibansa daga aji ko da sau ɗaya a zango. Marubuci, musamman 'yan'uwa masu karanta wannan mujalla, ya ɗauki alƙalami ko wayarsa ya je wurin tsohuwar unguwarsu kafin a wayi gari a ce ta rasu. Ba a fafe gora ranar tafiya. Wanda kuma ragowar badala take bayan gidansa, ya hana a ɗebe ta, ya hana a zuba mata shara.

Washegarin wannan zama, da hantsi, mu da mai gidan muka ɗauki yaron muka hau Dala. Muna haki muka kai ƙoli, shi kuwa ko a jikinsa. Uban ya riƙa nuna masa da yatsa inda ganuwa ta bi, yana laluben ta a tsakanin rufin kwano, wani wurin ya samu, wani wurin ya yi shiru. Da muka sauko muka kai shi wani guntun da ya rage, ya ɗora tafin hannunsa a kai. Sai ya tambayi ubansa ko da gaske ne Barbushe ya ɗauki giwa. Uban ya ce, "Haka ake faɗi, amma wannan da ka taɓa, ita kam gaskiya ce." Sannan ya ba shi labarin jakin.

Allah Ya ba mu ikon riƙe amana, Ya jiƙan magabatanmu, Ya albarkaci bayanmu, amin.