Sa'ad da Ubangiji Ya Yi Shiru

Ya ɗan'uwa sabon mai bi, akwai rana tana zuwa, idan ba ta riga ta zo ba, da za ka durƙusa ka yi addu'a, ka ji kamar da bango kake magana. Wataƙila yaronka yana kwance da zazzaɓi. Wataƙila gonarka ta lalace, kamar yadda tsutsa ta cinye tumatir a ƙasar Kura da Bunkure cikin shekara ta 2016, mutane da yawa suka tashi da bashi maimakon riba. A ran nan danginka za su tambaye ka ina Allahn da ka bar hanyar kakanninka dominsa. Zuciyarka ma za ta tambaya, muryarta kuwa ta fi tasu ƙarfi.

Kada ka zaci jin nauyin nan zunubi ne. Ayuba ya yi kuka bisa toka, Ubangijinmu Yesu kansa ya ɗaga murya a kan gicciye yana tambayar dalilin da aka yashe shi. Wanda ya ce maka mai bangaskiya ba ya kuka, bai karanta Zabura ba.

Sai ka dubi aikin da ka sani. Dattawanku suna tune da farin 1973. A shekara ta 1974, zamanin Gwamna Audu Bako, aka gama madatsar Tiga a kan Kogin Kano, ruwa ya riƙa gangarowa ta babbar magudana har Kadawa da Kura da Bunkure, aka shiga noman alkama da tumatir da rani. Amma manomin da gonarsa take can wutsiyar magudana ba ya hangen Tiga daga inda yake tsaye. Abin da idonsa yake gani shi ne fangali ya bushe, shuka ta yi yaushi. To, bushewar fangalinsa ta nuna babu ruwa a Tiga ne? Ko kaɗan. Wani a cikin gaggawa yakan fita da dare ya fasa gaɓa ya saci ruwan maƙwabci, ya ɓata magudanar da shi ma yake sha. Wani kuwa yakan ɗauki fartanya ya share hanyar ruwansa, ya tuge ciyawar da ta toshe ta, domin ran da aka buɗe masa kada ruwa ya iske shi bai shirya ba.

Haka yake ga mai bi. Zuwa wurin boka a ɓoye, ko ɗaura laya ƙarƙashin riga, ko yanka ɗan akuya a gindin tsamiya kana cewa na wannan karo ne kaɗai, fasa gaɓa ke nan da dare. Share hanyar ruwa kuwa ƙananan ayyuka ne marasa daɗi. Ka yi addu'arka safe da maraice ko da ba ka ji kome ba. Ka tafi sujada ran Lahadi. Ka biya abin da za ka iya na bashinka, kada kuwa ka huce haushi a kan matarka da yaranka, gama nan ne Shaiɗan ya fi samun ƙofa. Ka kuma faɗa wa wani dattijon ikilisiya abin da yake damunka.

Amma misalin yana da iyaka, ba kuwa zan ruɗe ka ba. Tiga aikin mutane ne, ana iya tambayarsu ranar buɗe ruwa. Allah bai sanar da mu ranarsa ba, wani yaro kuwa yakan mutu bayan an yi masa addu'a da hawaye.

Waɗanda suka fara kawo bishara ƙasar Hausa sun sha wannan. A shekara ta 1894 Walter Gowans ya mutu a Girku, saurayi, bai ga amfanin wahalarsa ba. A 1900 Bishop Tugwell da Likita Miller da abokansu suka isa Kano, Sarki Alu ya ƙi yarda su zauna, suka koma Girkun nan, ɗayansu kuma, Dudley Ryder, ya mutu a can. Miller ya tsaya a ƙasar Zazzau yana magani, yana juya Maganar Allah cikin Hausa tare da waɗansu, har Littafi Mai Tsarki dukansa ya fito a 1932, shekara 32 bayan an sallame su daga Kano. Daga aikin nan ne littafin da ake karanta muku ran Lahadi ya samo asali, Ryder kuwa bai ga ko bangonsa ba.