Mota Ba Direba: Wa Ke Riƙe da Amanar?

A ƙasashen Turai da Amurka an yi ta gwajin waɗansu ƙananan motocin haya masu tuƙa kansu. Aikinsu shi ne su kwashi mutanen unguwannin gefen birni su kai su tasha. Da kyamara da hasken leza suke ganin hanya, kwamfuta kuwa ita ce ke juya su, ita ce ke taka birki. Waɗansu mutane sun yi murna, waɗansu sun ja da baya. To, mai shakkar shiga, rashin sani ne ke damunsa, ko kuwa yana da gaskiya?

Bari mu fara ba na'ura hakkinta. A 2023 Hukumar Lafiya ta Duniya ta ce mutum wajen miliyan 1.19 ke mutuwa kowace shekara a haɗarin hanya. Na'ura ba ta shan giya, ba ta gyangyaɗi, ba ta tsere don ta riga wani ɗaukar fasinja. Wanda ya taɓa rasa ɗan'uwa saboda gangancin direba ba zai raina wannan ba.

Amma ku ji abin da ya faru a Las Vegas ta Amurka a Nuwamba 2017. Ran da aka fara aiki da irin wannan mota, sai wata babbar motar kaya ta yi baya-baya ta nufo ta. Ƙaramar ta gani ta tsaya cik, ba ta motsa ba har aka goge ta. Ba wanda ya ji rauni, direban motar kayan aka ba laifi. Akwai ma'aikaci a ciki, amma abin tuƙi na hannu yana ajiye a rufe, ba ya hannunsa. Na'ura ta kiyaye doka sarai. Direba mai hankali kuwa, da ya nemi hanyar kaucewa.

Haka kuma a Fabrairu 2020, a unguwar Linden ta birnin Kolumbas, wata ta taka birki farat ɗaya, har wata mace ta faɗo daga kujera. Hukuma ta dakatar da motocin kamfanin EasyMile daga ɗaukar fasinja a Amurka har sai da aka yi gyara. Wanda maciji ya sara, in ya ga tsumma sai ya gudu. Ba za mu kira wannan wauta ba.

Su kansu masu motocin sun gane abin da ke zuciyar fasinja. A Mayu 2023 an buɗe hanyar bas mai tuƙa kansa a Sikotlan, mil 14 zuwa gefen birnin Edinbara. Ma'aikata biyu aka sa a ciki: ɗaya a kujerar direba yana tsaro, ɗaya yana lura da mutane. Duk da haka fasinja ba su yi yawa ba, aka rufe hanyar a Fabrairu 2025.

Ashe aikin direba ya wuce riƙon sitiyari. Shi ne ke jiran tsohuwa ta zauna kafin ya tashi. Shi ne ke tsawata wa mai damun yarinya da dare. In abu ya ɓaci, shi ake kira ya amsa. Wanda za a iya tuhuma, shi ake ba amana. Na'ura ba ta jin kunya, ba ta kuma neman gafara. Saboda haka amanar ba ta ɓata ba, ta koma wuyan maƙerin motar, da kamfanin da ya sa ta a hanya, da hukumar da ta yarda. Ba daidai ba ne ko ɗayansu ya ce, laifin kwamfuta ne.

Don haka kada mu ƙi sabon abu don sabo ne kawai, kada kuma mu yi wa mai shakka dariya. Kafin a ce wa uwa ta sa ɗanta a motar da ba kowa a gaba, sai a gaya mata sunan wanda zai amsa.