Dattijo, Ƙarfin Ƙafarka Amana Ne



'Yan uwa, kujerun roba sai ƙaruwa suke yi a sahun masallatanmu, daga Bodinga har Shagari. Ba na zargin kowa. Bukhari ya ruwaito cewa Annabi (SAW) ya yi wa Imrana ɗan Husaini izinin yin sallah a zaune idan ya kasa tsayuwa. Amma wasu iyayenmu ba cuta ce ta zaunar da su ba: teɓa ce ta yi nauyi, ƙafa kuma ta yi rauni. Wannan kuwa yana da magani, in sha Allah.

Tsokar jiki tana raguwa da shekaru idan ba a sa ta aiki. Wanda ya ce da yunwa kawai zai rage ƙiba, to tsoka zai zubar tare da kitse, ya ƙara rauni. Shi ya sa Hukumar Lafiya ta Duniya, a ƙa'idojinta na 2020, ta shawarci masu shekara 65 zuwa sama da motsa jiki na aƙalla minti 150 a mako, da atisayen ƙarfafa tsoka aƙalla kwana biyu.

Baba, ba sai ka je gidan ɗaga ƙarfe ba. Ka zauna kan kujera, ka miƙe ba tare da dafa hannu ba, sau goma. Ka dafa bango ka tura. Ka ɗaga gorar ruwa da kowane hannu. Masallacin da ke kusa, ka taka da ƙafa, ka bar kabu-kabu. Hajiya, har da ke nake.

Abinci fa? Hadisin Tirmizi ya kasa ciki uku: abinci, abin sha, numfashi. Malmala biyu ta koma ɗaya. A rage sukari a fura da shayi, a bar lemun kwalba. A ƙara wake, kifi, ƙwai, nono da zogale. Mai hawan jini, ciwon suga ko ciwon ƙoda ya fara ganin likita.

Shehu Usmanu Ɗanfodiyo yana Sifawa yana karantarwa har 1815, lokacin ya kai shekara 60. Tsufa ba sallama daga aiki ba ne.

Ku 'ya'ya, kafin ku sayo wa Baba kujera, ku riƙe hannunsa ku taka tare.

Allah Ya bar mu da ƙarfin ruku'u da sujada har ƙarshen rayuwarmu. Amin.