KASAFIN KUƊIN ƘASA MA'AUNI NE

Godiya ta tabbata ga Allah Maɗaukakin Sarki, Mai arzuta bayinSa. Tsira da aminci su tabbata ga Annabi Muhammadu (SAW) da alayensa da sahabbansa baki ɗaya.

Bayan haka, ya 'yan'uwa matasan zango, duk shekara ministan kuɗi yakan shiga majalisar dokoki a Ankara ya karanta kasafin kuɗin ƙasa. Yawancinmu da mun ji an fara a rediyo sai mu murɗa tasha, mu ce wannan zancen 'yan siyasa ne. Amma ba a jimawa sai zancen nan ya iske mu a wajen mai koko da ƙosai, da kuɗin trotro, da farashin olonkar shinkafa.

Mu da muke koyar da Larabci mukan gaya wa ɗalibanmu cewa Larabawa suna kiran kasafin kuɗi "mizaniyya", daga kalmar "mizani", wato ma'auni. Shi kuwa ma'auni faranti biyu gare shi. A ɗaya ake ɗora abin da gwamnati ta karɓa daga hannun jama'a, a ɗayan kuma abin da ta mayar musu. Mun san Allah (SWT) Ya buɗe Suratul Muɗaffifina da gargaɗi mai tsanani ga mutanen da suke cikawa in su za su karɓa, su tauye in su za su bayar. Wannan gargaɗi bai tsaya kan mai awon hatsi kaɗai ba. Duk wanda aka damƙa wa haƙƙin mutane yana ciki.

To, mu fara da farantin karɓa. Kada wani ya ce shi ba ya biyan haraji don ba ya aikin albashi. Duk wanda ya sayi kati a waya ko kayan kanti, ko ya hau mota, ya biya. A cikin harajin kayan saye akwai kashi 2.5 cikin 100 na inshorar lafiya, da wani 2.5 na asusun ilimi na GETFund. A watan Mayu na 2022 aka ɗora E-Levy, kashi 1.5 kan kuɗin da ake aikawa ta waya, aka rage shi zuwa kashi 1 a 2023, aka soke shi a Afrilun 2025. Cikin waɗannan shekaru, ɗan zango da yake aika wa tsohuwarsa kuɗin cefane a Bawku ko Salaga ya san abin da ya fita daga aljihunsa.

Shekarar 2022 kuwa ba za mu mance da ita ba. Dala ta tashi daga wajen sidi 6 a farkon shekara ta haura sidi 13. A watan Disamba hauhawar farashi ta kai kashi 54 cikin 100. Ministan kuɗi na lokacin, Ken Ofori-Atta, da bakinsa ya faɗa cewa biyan bashi yana cinye fiye da rabin kuɗin da gwamnati take samu. A Fabrairun 2023 muka ga tsofaffi 'yan fansho sun yi zaman dirshan a ƙofar ma'aikatar kuɗi saboda ajiyarsu, har da tsohuwar Alƙaliyar Alƙalai Sophia Akuffo. A watan Mayu aka karɓi rancen dala biliyan 3 daga Asusun Lamuni na Duniya, IMF, karo na 17 ke nan da ƙasarmu ta je wannan ƙofa. Ƙasar da take da zinariya da koko, ta kuma fara haƙo mai tun 2010! Annabi Yusufu (AS) ya yi tanadi cikin shekaru bakwai na yalwa domin bakwai na fari. Mu kuwa sai muka ci na yalwa, muka ciwo bashin ruwa a kai, aka bar wa talaka biya.

Mu dubi Sayyidina Umar (RA). A shekarar fari da ake kira Amur Ramada, shekara ta 18 bayan Hijira, ya hana kansa nama da man shanu har sai jama'a sun samu. An kuma ruwaito cewa wani dare ya ji kukan jariri wanda uwarsa take gaggawar yaye shi, don Baitul Mali ba ya yanka wa yaro rabo sai an yaye shi. Da gari ya waye sai ya canza dokar, ya sa a ba kowane jariri rabonsa tun daga haihuwa. Shugaba ke nan da ya gane cewa tsarin da ya yi a zaune yana iya sa jariri kuka a wata unguwa.

Sai farantin bayarwa. Gaskiya ne akwai abin da aka mayar: inshorar lafiya tun dokar 2003, tallafin LEAP ga marasa galihu tun 2008, karatun sakandare kyauta tun Satumban 2017, da Asusun Raya Zango da aka yi wa doka a 2017. Waɗannan ba kyautar kowa ba ce, kuɗinmu ne suka dawo. Tsarin mulkin 1992 ya wajabta a ware aƙalla kashi 5 cikin 100 na kuɗin shigar ƙasa a raba wa majalisun gundumomi. To, a cikinmu wa ya taɓa tambayar asambulimansa nawa aka kawo, kuma ina aka kai? Damina ta zo, kwatar Nima ko ta Aboabo ta cika, mu zage mu yashe, mu koma mu yi shiru. Azumi ya zo, a kawo buhun shinkafa da sukari ƙofar masallaci, mu yi ta godiya kamar an ba mu gadon wani. Mai giwa ne ko mai laima, tambaya ɗaya ce: me ka karɓa da sunanmu, me ka yi da shi? Dokar samun bayani ta 2019 ta ba kowane ɗan ƙasa damar ya rubuta ya tambaya. Mun yi karatu, ba mu da uzuri.

Amma ya 'yan'uwa, mai nuna wani da yatsa ya dubi sauran yatsunsa. A 2025 sidi ya farfaɗo, dala ta sauko daga sama da sidi 15 zuwa sidi 10 da ɗoriya. 'Yan kasuwa nawa ne cikinmu suka rage farashi da irin saurin da suka ƙara shi? Wanda ya buga gindin olonka don ta rage ci, da wanda ya ɓoye kaya sai sun yi tsada, da wane baki zai zargi minista?

Saboda haka muna kira ga kowane reshe na ƙungiyarmu: in an karanta kasafin kuɗi, a zauna bayan sallar Isha'i, waɗanda suka iya Turanci su fassara wa iyayenmu. A rubuta buƙatun unguwa, a kai wa majalisar gunduma cikin ladabi, a kuma bi sawu. Ranar Alƙiyama akwai mizanin da ba a buga masa gindi, shugaba da talaka duk a gabansa za su tsaya.

Allah Ya ba shugabanninmu tsoronSa, Ya yaye wa ƙasarmu bashi, Ya sa wa kasuwanninmu albarka. Amin.

Wassalamu alaikum wa rahmatullah.